Sharhin da Umma Ba Ta Ji Ƙarshensa Ba

A kantin littattafai ta fara ganinsa, wata ranar Asabar. Ya durƙusa gaban kantar ƙasa yana kwashe littafi iri ɗaya yana jerawa a kwali. Dogo ne mai sanyin fuska, hannun rigarsa duk ƙurar alli. Ta leƙa bangon littafin. Ta san shi sarai. Sau biyu ta karanta shi, ta kuma yi masa sharhi a jaridar da take aiki, a shafin da take sa wa hannu da sunan Mai Karatu.

Da tana da wayo da ta juya ta yi tafiyarta. Sai bakinta ya riga ta, ta tambaye shi ko duka zai saya.

Ya ɗago da murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce nasa ne, shi ya rubuta, kuma gida zai mayar da su tunda Mai Karatu ya riga ya yi musu jana'iza. Shi malamin makaranta ne, gara ya koma kan allonsa.

"Ka bar mini ɗaya," ta ce.

Ya miƙa mata da hannu biyu. Da ya tambayi aikinta sai ta ce tana gyaran rubutu a jarida. Ba ƙarya ta yi ba, amma rabin gaskiya ce. Ya ce to in ta haɗu da tsohon nan Mai Karatu, don shi a ransa wani tsoho ne mai tumbi da furfura, ta gaishe shi. Ta gyara zaman tabaranta, ta ba shi lambar wayarta ba ta san ta bayar ba.

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo.

"'Yar Tabarau, kin kai shafi na nawa? In ya gundure ki ki ajiye, ba zan ji haushi ba. Zan dai ɗan yi kuka."

Ta mayar masa: "Marubucina, na gama. Matar nan mai ɗinki ta tsaya mini a rai. Me ya sa ka bar ta a tsakiyar littafi?"

"Abin da Mai Karatu ya ce ke nan. Anya ba tare kuke shan shayi a ofis ba?"

Ta jefa wayar kan gado kamar ta ƙone ta.

Haka soyayyarsu ta tashi, daɗi a sama, fargaba a ƙasa. Yakan jira ta a bakin ofis da yamma, su taka har tasha yana ba ta labarin ɗalibansa, tana dariya ido na kan ƙofa, kada wani abokin aiki ya fito ya kira ta da sunan shafinta. Kullum sai ta ce yau za ta gaya masa. Kullum sai ya kalle ta ya ce, "Ke ce kika dawo mini da biro hannuna," sai maganar ta maƙale.

Ba wai tana kunyar aikinta ba ne. Ba ta sharhin littafi sai ta kai ƙarshensa. Ba ta taɓa marubuci, littafin take taɓawa. Duk abin da ta yaba ko ta kushe sai ta nuna shafinsa, kuma ba ta tona ƙarshen labari ta ɓata wa mai karatu. A kan littafinsa ma haka ta yi, sai dai jimla ɗaya da ta wuce gona da iri. Ta rubuta cewa rabin littafin na biyu kamar mai shi ya ɗora tukunya a wuta ya tafi hira. Jimlar nan ce mutane suka yi ta turawa juna a waya suna dariya.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa ta san abin ya fi ƙarfinta. Umma tela ce, shagonta na gaban gida, kekuna uku da 'yan mata biyu masu koyo. Idonta ya yi rauni, ba ta iya karanta ƙananan rubutu, amma hannunta in ya shafa yadi ya san kuɗinsa. Ta karɓe ta da fara'a, ta sa aka kawo lemo, har ta auna kafaɗarta da ido ta ce za ta yi mata riga. Sai hira ta gangaro kan jarida.

Fuskar Umma ta canja. Ta ce ɗanta ya yi makonni ba ya cin abinci saboda wani mara tsoron Allah a jaridar nan, kuma duk wanda ya rubuta abin, ita dai ba ta yafe ba.

Baƙuwar ta ajiye lemon. A gefe kuwa wata budurwa na zaune kan benci tana latsa waya, 'yar maƙwabtansu ce. Tauraro Biyar ake ce mata, don duk littafin da ta ɗauki hoto da shi tauraro biyar take ba shi, ko da ledarsa ba ta cire ba. Ita ta karanta wa Umma sharhin tun farko, ita kuma ta daɗe tana ganin kanta a ɗakin malamin. Ta ɗago ta ƙare wa baƙuwar kallo, ta ce tana da ƙawa a jaridar.

Sati bai cika ba saƙon ya zo.

"An gaya wa Umma ke ce Mai Karatu, an gaya mini. Kushewar ba ta dame ni ba, na shanye ta tuntuni. Amma ina kwashe littafina a gabanki kina kallona, kika yi shiru. Tausayina kika ji ko dariya kike nema? Umma ta ce kada in ƙara kawo mata maganarki."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa, daga ƙarshe ta tura: "Tsoro na ji, Marubucina. Har yanzu shi nake ji." Ba amsa.

Ta rame cikin 'yan kwanaki. Abbanta ya lura, ya zaunar da ita ya ji komai. Bai yi mata faɗa ba, ya dai ce tunda ta iya faɗin gaskiya a bayan suna, ta je ta faɗe ta da fuskarta. Ta sa jaridar a jaka ta fita.

Da ta yi sallama a shagon kekunan suka tsaya cak. Umma ta sallami 'yan matan, amma Tauraro Biyar ta gyara zama. 'Yar Tabarau ta durƙusa ta gaida Umma. Umma ba ta ja zance ba, ta ce abu ɗaya ne zai sa ta saurare ta: ta koma shafin nan ta rubuta cewa ƙarya ta yi, littafin ba shi da aibi.

Ta san in ta ce a'a shi ke nan ta rasa shi.

"Umma, maganar tukunya don a yi dariya na rubuta ta, ba don ta amfane shi ba. Wannan na yi kuskure, zan kuma faɗa a shafin. Amma sauran ba zan iya janyewa ba. In na yabi abin da ban gani ba, shi na fara cuta."

"Wane sauran?" in ji Umma. "Ai layi biyu ne."

Umma ta waiwaya wajen bencin. Tauraro Biyar ta tuna ta bar ruwa a wuta, ta zame ta fice.

Umma ta ce ta karanta mata duka, kada ta tsallake ko wasali. 'Yar Tabarau ta buɗe jaridar. Ta karanta inda ta ce jawaban attajiran birni a rabi na biyu sun yi tsawo, kuma duk muryarsu ɗaya. Sannan ta iso tsakiyar sharhin.

"Amma kada wannan ya hana kowa sayen littafin. A farkonsa akwai wata tela da mijinta ya rasu, idonta ya fara dushewa, take kiran ɗanta ya zura mata zare a allura wai koya masa sana'a take. Yaron ya gane, bai taɓa nuna mata ya gane ba. Ban karanta shafukan da suka kai waɗannan ba a bana. Jarumar mace ce da ba ta san tsoro ba, kuma laifin marubucin shi ne ya bar ta ya bi waɗanda ba su kai ta ba."

Ta ɗago. Umma ta dafa keken da ke gabanta.

"Ya sani?" ta ce a hankali. "Tun yana ƙarami ya sani?"

Ashe littafin na ajiye a kan durowarta tun da ya fito, tana kakkaɓe masa ƙura tana nuna wa baƙi, ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke ciki. Masu cewa ya yi kyau sun yi yawa, amma ko ɗaya bai ce mata tana ciki ba. Ta goge ido da bakin mayafinta.

"Ke ma kin yi kuskure a nan," ta ce daga baya. "Ba jarumta ba ce. Tsoro ne. Kullum sai na kwana da fargabar masu kaya za su gane ba na gani, su kwashe yadinsu, in rasa abin da zan ba shi. Shi ya sa na ɓoye." Ta dubi yarinyar da ke durƙushe har yanzu. "Na san abin da ke sa mutum ya yi shiru. Tashi ki zauna a kujera, 'yata."

A bakin ƙofar cikin gida malamin ke tsaye da jakar makaranta a kafaɗa, ba wanda ya san tun yaushe. Umma ta kira shi, ta kama hannunsa ta riƙe, ta ce ya yi mata bayanin yadda aka yi ya bar ta a tsakiyar littafi ya bi attajirai. Ya yi dariya da hawaye a fuskarsa.

Ya raka 'Yar Tabarau tasha. Sai da ta zauna a mota wayarta ta yi ƙara.

"'Yar Tabarau, na fara na biyu, kan tela ne daga farko har ƙarshe. Kada ki ƙara ɓoye mini komai, ko mai zafi ne."

"Na yi alkawari, Marubucina. Amma wannan wani zai yi masa sharhi. Ni a gida zan gaya maka."

A fitowar jaridar ta mako na gaba ta rubuta gyara guda biyu a ƙasan shafinta. Ta nemi afuwa kan maganar tukunya, ta kuma ce wata mai karatu da ta fi ta sanin telar nan ta nuna mata cewa matar da tsoronta ta yi duk abin da ta yi.

Bayan 'yan watanni aka ɗaura musu aure. Umma ce ta ɗinka rigar amarya, ba ta yarda kowa ya taɓa yadin ba. Da aka kawo mata su biyun ta dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman da ba wanda zai ji tsoron faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya."

Ɗakin ya amsa da amin, amarya ta fi kowa ɗaga murya.