Ɗakin da Muhtari Ya Saki

Bayan la'asar Muhtari ya ɗaure kwamfutarsa a bayan babur ya kama hanyar Moriki. Shi ya haɗa na'urar da ke aika sakamakon gwajin jini ta iska daga Kaura Namoda zuwa wani ƙaramin asibiti a can, shi ya rubuta direbanta, wato 'yar manhajar da ke tafiyar da ita. Yana taƙama da aikin nan kamar shi ya ƙirƙiro iskar.

Sai ga shi sati guda saƙonni na isowa a gurɓace. Yau kuma abin ya zo gida. Mahaifiyarsa Kulsumu na kwance a asibitin tana jiran ƙarin jini, an aiko rukunin jininta sau uku, kowanne da harafinsa daban. Nas Nadiya ta kira shi ta ce, "Malam Muhtari, ba ni sa wa Inna jini da ƙila-wa-ƙala. Ka gyara abin ga, ba ta kai safe haka."

Turken eriyar da ke miƙa saƙonnin na tsakiyar wani ƙauye da mutanensa suka watse tun shigowar 'yan bindiga. Ya iso rana ta yi ja. Ko kukan akuya babu. Ƙofofi a buɗe, rumbuna sun rufta, warin toka da kashin jemage ya cika wurin. Don sauri ko bisimilla bai yi ba, ya buɗe akwatin na'urar ya jona waya.

Bai jima ba ya gano kuskuren, kunya ta kama shi, domin nasa ne. Duk saƙon da ya shigo, direban kan ware masa ɗan ɗaki a cikin memori, wato ƙwaƙwalwar na'urar, idan ya wuce ya saki ɗakin. Amma akwai guda da ya saki tuntuni, bai manta adireshinsa ba, yana ta komawa yana zuba saƙo a ciki. Ɗakin da aka saki kuwa kowa na iya shiga.

Ya leƙa don ganin abin da ke cakuɗa saƙonnin. Ya zaci tarkacen lambobi zai gani.

Sunaye ya gani. Namadi. Lauratu. Mus'ab. Suna ƙaruwa yana kallo.

A bayansa aka fara daka. Dum. Dum. A garin da ba turmi.

Ƙamshin hayaƙin tuwo ya taso. Ya ɗora yatsa zai share ɗakin gaba ɗaya, sai numfashi mai sanyi ya taɓa masa ƙeya.

"Kai kas saki," in ji wata murya a hankali. "Mu munka shiga. Don mi kaka zubo muna kaya bisa kai?"

Bai waiwaya ba.

"Ku yi haƙuri," ya raɗa. "Innata ce kwance."

Dakan ya tsaya.

Ya ɗage yatsan. Ya rubuta layi biyu: direba ya manta adireshin, ɗakin kuma a ware shi, kada a sake ba kowa. Ya tura saƙon gwaji, ya dawo daidai.

Bai san yadda ya tada babur ba. Sai da ya hango fitilun Moriki ya lura takalminsa ɗaya ya rage.

Sakamakon ya iso sau uku iri ɗaya. Aka sa wa Kulsumu jini, ta tashi.

Taƙama dai ta bar Muhtari, kuma ba ya jona waya sai ya yi sallama. Abin da ke hana shi sukuni ɗaya ne. Ɗan wuri kaɗan ya ware musu, amma duk lokacin da aka ce wani ƙauye ya watse, sai ya duba ya tarar ɗakin ya ƙara faɗi. Memorin na'urar kuwa saura rubu'i.