Labule Biyu Daga Zanen Inna

Mai gidan hayar da surukata ta rasu a ciki ya aiko cewa a zo a kwashe sauran kaya, zai yi fenti ya sa wani. Maigidana yana can garin da yake aiki. Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Direba, shi ya zauna da tsohuwar har ƙarshenta, amma da na ce ya raka ni sai ya ce fasinja ba sa jira. Ya miƙo mini makulli ta tagar mota ya ja. Dole na tafi ni kaɗai, na isa rana tana shirin faɗuwa.

Ɗakin Inna yana can ƙuryar gidan, bayan banɗaki. Da na tura ƙofa, warin man zafi ne ya fara tarbata, sannan wani wari a ƙarƙashinsa, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe wa taga ba. An riga an fitar da katifa. Saura gadon ƙarfe tsirara, da buta, da carbinta a jikin ƙusa, da tarin zannuwan gado a gefe. Na durƙusa ina naɗe su ina yi mata addu'a, domin matar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun da na shigo gidansu.

Ina cikin ɗaure ƙunshin sai gadon ya yi ƙara a bayana, irin ƙarar da yake yi idan mutum ya juya a kai. Na waiwaya. Babu kowa. Na yi bismillah, na ɗora kayan a kai, na fito ban ko tsaya kulle ƙofa da kyau ba.

Ni mai ɗinki ce a cikin gida, kuma ba na zubar da yadi. Zanen gado ta tsakiya yake mutuwa, inda jiki ke kwanciya, gefunansa kuwa sai su yi shekaru da ƙarfinsu. Saboda haka idan na samu tsoho, sai in yage tsakiyar in yi tsumma da ita, in fitar da dogayen falle biyu, in naɗe saman kowanne yadda igiya za ta shiga. Labule ya samu ke nan.

A cikin na Inna akwai wani fari mai kauri, da ƙananan furanni shuɗɗa. Na jiƙa shi, na wanke, na shanya. Da na zo guga sai na ga kusurwoyinsa huɗu duk a murɗe suke, sun yi tauri kamar igiya. Na yayyafa ruwa, na danna dutsen guga da duk ƙarfina, suka ƙi kwanciya. Da wata ce da ta yanke su ta huta. Ni kuwa na ga kalmasar tana da kyau, na ce idan sun rataya nauyinsu zai miƙar da su.

Tun bayan rasuwar, Direba ya dawo ɗakinmu na waje, tagarsa kwali ne a manne. Na rataya masa falle ɗaya. Ɗayan na sa shi a tagar ɗakina, daidai kan gadon autata, yarinyar da ba ta daɗe da fara makaranta ba.

Da ya dawo ya gani, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Ya yi wata dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Matarmu, yanzu ni za ki rataya wa tsumma?"

"Tsumman uwarka ne," na ce masa. "Ya fi kwalin taliyar da ka manna."

Ya juya ya tafi. Daga ranar kuma ya koma kwana a mota, wai zafi ya yi yawa a ɗaki.

Washegari da magariba na shiga kunna fitila, sai na ga an ƙulle kusurwoyin labulena biyu a jikin ƙarfen taga. Na yi wa Auta faɗa, ta rantse har da hawaye ba ita ba ce. Da na sunkuya zan kwance na gane gaskiyarta. Ba ƙullin yaro ba ne. Irin ƙullin nan ne da ake ɗaure kaya a saman mota, wanda in ka ja sai ya ƙara shaƙewa. Sai da na sa tsinin almakashi kafin ya saki.

Gobe ma haka. Jibi ma haka. Na ɗauko ɗan littafin addu'ata, na bi layi da yatsa na karanta a ɗakin, na tofa a kusurwoyi. Amma ban cire labulen ba. Na ce wa kaina tsoro ne kawai irin na wanda ya yi sabon rashi.

Sai wata safiya ina yi wa Auta wanka ta janye hannu tana cewa zafi. Na duba. Wani jan zobe ya zagaye wuyan hannunta, dama da hagu, fatar ta ɗan saɓule.

Soso ya faɗi daga hannuna. Na san wannan shaidar. Ina cikin matan da suka yi wa Inna wanka, na gan ta a wuyan hannayenta biyu, baƙa, ta nutse cikin fata. A lokacin na tambayi Direba, ya ce wurin da aka riƙa sa mata ƙarin ruwa ne, ni kuma na yarda.

Bai dawo gida ba sai yamma liƙis. Na same shi a ƙofar gida yana wanke mota, na ce ya ajiye bokiti ya dube ni. Na tambaye shi me ya murɗe kusurwoyin zanen Inna.

Da farko ya so ya mayar da abin wasa. Da ya ga ban motsa ba sai ya fara magana da sauri, yana kallon taya. Ya ce ai na sani tsufa ya ruɗa ta, ba ta zama wuri ɗaya, har a bakin titi an tsinto ta. Shi kuma dole ya fita nema. Sai ya riƙa ɗaure ta a gado da safe, ya kulle ƙofa, ya kwance ta in ya dawo. Ranar da ya san zan kawo ziyara, ba ya fita. Na tuna masa yadda na roƙe shi ya bari in ɗauko ta wurinmu, ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa.

"Ranar da ta rasu fa?" na ce. "Ka ce mana a hannunka ta cika, da kalmar shahada."

Ya daɗe yana matse tsumman wankin. Sannan ya ce mota ce ta lalace masa a hanya mai nisa. Ya kwana, ya sake kwana. Da ya dawo ya buɗe ƙofa, ya tarar da abin da ya tarar. Butar tana nan kusa da gado, cike da ruwa, hannu ne bai kai ba.

Ya watsar da ruwan bokitin, ya ce in na ga dama in gaya wa yayansa, a ga wanda za a yarda da shi. Ya ce ma barin gidan zai yi yanzu, bari ya ɗauko jakarsa. Na ga ya yi jim a bakin ɗakin waje, sannan ya shige da sauri.

Ladan ya fara kiran magariba. Na nufi ɗakina in fizge labulen nan in cusa shi a murhu.

Ina taka bakin ƙofa aka ɗauke wuta.

Warin man zafi ya cika ɗakin. Sai ƙarar gadon ƙarfe, a hankali, alhali gadonmu na katako ne.

Auta tana tsaye a kan gadonta, bayanta a jikin taga, hannayenta a ware. Kowane hannu an ɗaure shi da kusurwar labule a jikin ƙarfe. Ba ta kuka. Idonta a buɗe, leɓɓanta a bushe, tana motsa su ba sauti.

Tagar a rufe take, amma labulen ya kumburo. Akwai wani a bayansa. Dogo ne, har ya sunkuyar da kai saboda rufi. Yadin yana shiga yana fita daidai inda baki zai kasance.

Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Na lalubo almakashi a kan keken ɗinki, na kama yadin zan yanke. Almakashin da ke yanka fata ya ƙi cin wannan tsohon zane. Ƙullin ya ƙara shaƙewa. Na ji yatsun 'yata sun yi sanyi a cikin hannuna.

Sai muryar ta zo, ƙasa-ƙasa, kamar ana yaga busasshen yadi.

"Yarinyar nan jinin mai ƙullin ce."

"Jinin Inna ce," na ce, ban san inda na samo muryar ba. "A bayanta ta yi barci. Ita ta koya mata bismillah."

Numfashin ya tsaya.

"Ina cikin ɗakin tsohuwar," in ji muryar. "Tun kafin ta zo nake ɗakin. Kullum sai ta yi mini sallama. Ta kira ruwa har muryarta ta ƙare."

Ƙullin ya sake ja. Auta ta yi wani ɗan nishi, kanta ya langaɓe.

"Ina mai ƙullin?"

Na san abin da nake yi. Ba ruɗewa ba ce.

"Yana ɗakin waje," na raɗa. "Yanzu ya shiga. Rabin zanen yana tagarsa."

Labulen ya faɗa jikin taga, ba kowa a bayansa. Kusurwoyin suka sulale da kansu, Auta ta zubo a ƙirjina.

Na ɗauke ta na fito da gudu. Sai na bi ta gaban ɗakin waje kafin in kai ƙofar gida. Ƙofarsa ta rufe. Babu ihu a ciki, sai ƙarar gadon ƙarfe, da wata siririyar murya.

"Matar yaya. Ruwa."

Ban tsaya ba.

A gidan maƙwabciyata muka shafa wa Auta ruwa har ta buɗe ido ta kira ni. Maƙwabciyar ta tambaye ni ko akwai wani a gidan. Na ce ta ba ni abin sallah, lokaci yana wucewa. Na yi alwala, na yi magaribata, ban yi sauri ba. Na yi nafila, na ja carbi, na roƙa wa Inna gafara. Sannan na ce a kira maza.

Sai da suka sa kafaɗa kafin ƙofar ta buɗe, ga shi ba sakata a jikinta. Suka same shi kwance a ƙasa, hannaye a ware, ba abin da ya ɗaure shi. Leɓɓansa sun tsage, harshensa ya bushe, idonsa ya faɗa kamar wanda ya yi kwanaki a kulle.

Ni na yi imani wanda ya mutu ba ya dawowa, Inna tana inda Allah Ya ajiye ta. Amma ba mu kaɗai ke zama a ɗakunanmu ba, kuma wasu abokan zaman ba sa mantuwa. Liman ya sa aka haɗa fallen biyu aka binne a bayan gari. Shaidar hannun Auta ta baje, ba ta ma tuna daren. Maigidana ya dawo, ya ji komai daga bakin ƙaninsa, ya tashi ya fita.

Direba ya rayu. Sai dai hannayensa sun mutu daga wuyan hannu zuwa yatsu, ba sa riƙe sitiyari, ba sa riƙe kofi. An sayar da motar. Yana nan a ɗakin waje, kuma ni nake ba shi abinci a baki, ni nake ɗaga masa ruwa duk lokacin da ya kira, ko ina tsakiyar ɗinki. Ban taɓa barinsa ya kira sau biyu ba.

Wata rana ina ba shi shayi, ya kawar da kai daga cokalin ya dube ni.

"Na ji muryarki a daren nan," ya ce. "Me kika gaya masa?"

"Gaskiya," na ce. "Buɗe bakinka, zai huce."