Farin Mayafin Zulfa

Neman sabis ne ya fara kai Zulfa saman jigawar da ke bayan ƙauyen kakarta, can gaba da Gafasa, don duk garin nan kaɗai waya ke kamawa. Daga Gaya ta zo taya Kaka Hansai zaman azumi, saboda ciwon ƙafa ya hana tsohuwa tsugunno a bakin murhu.

A saman tudun ta tarar da wani saurayi tsaye ƙiƙam, ya zuba wa yamma ido. Ta yi sallama, ya amsa bai waiwayo ba, ta ce a ranta wannan akwai jin kai. Kashegari ta tsaya ta yammacinsa, sai ta ga ya ƙura mata ido har ta rasa inda za ta sa kanta. Da ta gusa kuma, idon bai biyo ta ba. To, wannan wane irin mutum ne?

Wurin dai ya isa a kalla. Jan yashi shimfiɗe har inda ido ya gaza, gonaki fetal suna jiran ruwan shuka, goriba jefi-jefi, rana kuma ta yi jajawur tana gangarawa a hankali.

Abdulmumin sunansa, ɗan Malam Uthman limamin garin. Malam bai yarda da agogo a sha'anin shan ruwa ba, ya ce agogo na ƙarya, rana ba ta yi. Shi ya sa kowace yamma ɗansa ke hawa tudu, in rana ta nutse ya ɗaga farin ƙyalle, Ladan Ɗantani ya hango daga masallaci ya kira salla. Zulfa ba ta taɓa ganin ƙyallen ba, don kullum takan sauka da wuri ta dama kunu.

Wata yamma ya sa kara ya rubuta lambarsa a kan yashi, ya matsa gefe. Ita ma kamar ba ta gani ba. Amma can sai wayarsa ta yi ƙara, saƙonta ya shigo.

“Malam, don Allah fitar da ni daga duhu. Wai ni kake kallo, ko bayana?”

“Bayanki aka aiko ni in kalla, Baƙuwar Gaya. Kullum ke kike tare min, ni kuma ban taɓa kai ƙara ba.”

Tun daga nan aka buɗe shafi. Ga su a kan tudu ɗaya, in ɗaya ya yi tari ɗayan zai ji, amma kunya ta sa sai dai saƙo. Shi yakan rubuta kafin rana ta yi ƙasa, daga nan ya cusa waya a aljihu. Ita ta sa masa Malam Mai-rana, shi ya ce da ita Sanyin Idona. So dai ya kama su, ba wani ɓoye-ɓoye.

Ana cikin goman ƙarshe mahaifinta, Malam Barau, ya zo gaida tsohuwa, ya kawo wa 'yarsa tsarabar farin mayafi mai geza. Da yamma ta yafa abinta ta hau tudu don Malam Mai-rana ya gani. Sai ta tarar hadari ya haɗu ta yamma ya rufe rana, shi kuma hankalinsa duk yana can, ko sallamarta da ƙyar ya amsa. Ta ji haushi, ta koma bakin tudu ta ɓangaren gari, ta ɗaga waya sama tana laluben sabis. Iskar hadari ta figi mayafin, ta cafke gefensa, ya yi ta kaɗawa a saman kanta.

Sai kiran salla ya tashi.

Zulfa ta ɗauka ita ce ta makara, ta sauka da gudu. Gari ya kai dabino baki, aka kurɓi kunu, Malam Barau ya tura ƙosai yana yabon hannun 'yarsa. Bai gama haɗiyewa ba hadari ya tsage, rana ta leƙo tangaram a kan katanga. Salati ya kaure ko'ina.

A ƙofar masallaci Malam Uthman ya tambayi ɗansa a gaban jama'a yadda aka yi. Abdulmumin ya riga ya waiwaya a kan tudu, ya ga abin da Ladan ya gani. Ya kuma san in ya faɗa, sunan yarinya ya ɓaci ke nan: za a ce ita ta karya azumin gari, sannan a tambayi me take yi a can tare da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Malam ya yanke cewa kowa zai rama kwana guda, ya karɓe ƙyallen, ya hana shi sake taka tudun.

To, wanda ba ya hawa tudu ina zai ga saƙo? Zulfa ta aika, ta sake aikawa.

“Malam Mai-rana, laifin me na yi? Ko da kalma ɗaya ce ka amsa min.”

Shiru. Ga mata a bakin rijiya suna ta cewa ai hira da wata a waya ce ta ɗauke masa hankali. Wata kuma? Ita dai ta san ranar bai ko dube ta ba, ashe akwai wadda yake dubawa. Ta koma Gaya bikin salla da kishi da kewa, ta rasa wanne ya fi cin ta.

Bayan salla sai ga ƙanin Malam Uthman ya zo nema wa Abdulmumin izinin zance. Kan Zulfa ya ƙara ɗaurewa: mutumin da ya ƙi amsa saƙo shi ne da aiko manya? Malam Barau kuwa ko ruwa bai bari baƙo ya gama sha ba.

“Yaron da aka ba amanar rana, abu kamar faifai a sararin Allah, ya kasa, shi zan ba amanar 'yata? Ku yi haƙuri.”

Ya ƙara da cewa ga Bubayero nan mai bas ɗin Ajingi zuwa Kano, ya daɗe yana kawo gaisuwa, kuma bai taɓa sa kowa ramuwa ba. Zulfa ta shige ɗaki ta sha kukanta, ba ta ma san wa take yi wa ba.

Da damina ta kankama suka kai wa Kaka magani, ita da mahaifinta, tana yafe da farin mayafin. Ladan Ɗantani ya shigo gaisuwa, hira ta gangaro kan ranar nan. Ya rantse shi fa bai yi kiran banza ba, farin ƙyalle ya gani da idonsa, kuma ya fi na kullum girma, har da geza.

“Wane ƙyalle, Baba Ladan?” in ji Zulfa.

Kaka ta yi mata bayani. Zulfa ta dubi gezar da ke kwance a cinyarta, nan take ta gane. Da Ladan ya ambaci an hana yaron hawa tudu tun ranar, sai shirun nan ma ya warware mata. Babu wata. Ita ce watar da ake faɗa, ita ce kuma mai laifin. Ta rarrafa gaban mahaifinta ta durƙusa.

“Baba, ni na karya maka azumi. Mayafina Ladan ya gani. Shi ya sani, ya rufa min asiri ya ɗauki abin a kansa.”

Malam Barau ya dubi Ladan, ya dubi mayafi. Kaka Hansai ta gyara zama ta tambaye shi wai wa ma ya sayo mayafin nan.

“Ni ne, Inna.”

“To ashe kai ka karya azumin gari, ka zo kana yi wa ɗan mutane fankama.”

Ladan ya yi dariya har da tari. Malam Barau bai yi ba. Ya miƙe ya zura takalmi ya nufi gidan liman da ƙafarsa. An ce abin da ya faɗa a zauren bai fi haka ba: amanar da aka ba yaron ta fi rana girma, kuma ya riƙe.

Da yammar nan aka ɗage wa Abdulmumin takunkumi. Yana kaiwa saman tudu saƙonninta suka yi ta shigowa rututu, na fushi da na kuka. Ya amsa da guda ɗaya.

“Sanyin Idona, yanzu na gani. Ki yafe min duka, ni ma ramuwa zan yi.”

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Mata suka zazzage lefe kaf, mayafi kala-kala, babu fari ko ɗaya, aka yi ta shewa.

Da azumi ya zagayo, Malam Uthman ya kira surukarsa ya damƙa mata ƙyallen a hannu, ya ce tunda an shaida Ladan na ganin ɗagawarta, to ta riƙa yi a kan lokaci. Ya sa musu albarka, ya roƙa musu zuri'a ta gari.

Suka hau tudu tare. Rana ta taɓa bakin yashi.

“Malam Mai-rana, in ɗaga?”

“Saura kaɗan. Ɗan gusa, kin tare min.”

“Ka kai ƙara mana.”

Bai kai ba. Ya leƙa ta gefen kafaɗarta har jan ya nutse, sannan ya ce bismilla, ta ɗaga.