Satar Jiniyar Masaƙa

A duk faɗin ƙasar nan babu garin da ya san darajar ma'aikaci kamar Kano. Shaida ita ce Masaƙar Zaren Alheri da ke Challawa. Da ta durƙushe, ba a bar gumin mutane ya tafi a banza ba. An sallami ma'aikatan, an goge injinan, an shafa musu koren fenti, sannan aka kafa allo a ƙofa: Gidan Tarihin Masana'antu. Yanzu kowa na iya shiga ya ga inda iyayensa suka ƙarar da ƙarfinsu, har ya ɗauki hoto.

Daga wannan gida aka kira caji ofis ranar Talata, aka ce an sace jiniya.

Sufeto Uwaisu ya iso da hantsi tare da Kofur Aina'u. Mutum ne da ya kusa ritaya, gwiwarsa na ciwo, kuma ya daɗe da daina mamakin abin da mutane ke sacewa.

Manajan gidan, Dakta Salisu, ya tarbe su a tsakar gida. Babu wanda ya san dakta na mene ne, shi ma bai cika son a tambaya ba.

"Sufeto, ba ƙarfe aka sace ba," in ji shi. "Tarihi aka sace."

"Tarihin zai kai nauyin me?"

"Kamar buhun siminti."

Ya nuna musu wani dakali da babu komai a kansa. A da jiniyar tana kan rufin masaƙa, ita ke kiran masu aikin safe da na rana. Da aka buɗe gidan tarihi sai aka sauko da ita, aka yi mata jan maɓalli. Duk ayarin baƙin da ya shigo, akan zaɓi ɗaya daga yaransu ya danna.

"Injinan nan duk matattu ne, ita kaɗai ke da rai," in ji Dakta. "Ga Ranar Iyali ran Asabar. Mun yi talla a rediyo, mun yi rangwame. Motoci za su kwaso mutane daga Bompai, su biyo ta Sharada, su ƙare a nan. Me zan nuna musu? Har wani tsoho muke da shi, tsohon ma'aikaci, gigin tsufa ya kama shi. Duk sanda aka kaɗa, sai ya tsallako titi da takalmansa na aiki, wai ya makara. Baƙi na son sa ƙwarai. Kuma ko sisi ba ma biyan sa."

"Wa kake zargi?"

"'Yan gwangwan, da haɗin bakin maigadi."

Uwaisu ya durƙusa da ƙyar. Ba a fasa komai ba. An kwance notukan, an jera su a gefen dakali. Wayar wutar mai kauri, jan ƙarfe zalla, tana nan inda take, an naɗe bakinta da baƙin salatif.

"Yallaɓai, ɓarawon nan yana tsoron kada wuta ta ja yara," in ji Aina'u.

"Ko kuma ya san yara na wasa a nan."

Maigadin, Sule, mutumin Maraɗi ne, ya tsufa a ƙofar nan tun masaƙa na aiki. Suka same shi a ɗakin gadi, ya riga ya ɗaure kayansa a buhu, irin na wanda ya san yadda ƙasa ke tafiya.

"Ran Lahadi da aka tashi, wa ya fita da kaya?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"Litinin fa?"

"Ba a buɗewa Litinin. Ni kaɗai ne da ƙadangaru."

"To tashi sama ta yi?"

"Allah ne masani."

Uwaisu ya dubi kujeru biyu da ke bakin ƙofa, da kofuna biyu a kan bulo.

"Wa ke taya ka gadi?"

"Ɗaya kujerar ta Malam Zakariyya ce. Tsohon da ke zuwa. Nakan zaunar da shi, in ba shi ruwa, in ce yau injin ya lalace, an ba da hutu. Sai ya koma."

"Kullum?"

"Duk kaɗawa. Ran da baƙi suka yi yawa, sai ya zo ya koma, ya zo ya koma, har ƙafa ta kumbura." Sule ya nuna titin da haɓa. Tireloli ne ke wucewa ɗauke da fatu, ba mai taka birki. "Wancan watan wata tirela ta goge shi. Da ƙyar aka ɗinke cinyar. In aka ci gaba, titin nan ne zai ci shi."

"Ina gidansa?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Shekara da shekaru kuna shan ruwa tare?"

"Ba mu taɓa hirar gida ba."

Mai sayar da tikiti wata mace ce da ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, Badi'a. Tana zaune a bayan wata 'yar taga mai waya, inda a da ake biyan albashi.

"Malama, yaushe kika tashi ran Lahadi?"

"Da la'asar, kamar kowa."

"Kin ga wani abu?"

"Tagar nan waje take kallo, Yallaɓai."

"To ai kina ganin tsohon nan da ke zuwa."

Ta gyara tikitocin da ke gabanta, alhali a gyare suke.

"Masu tsayawa a ƙofa suna da yawa. Ni mai saye nake kallo."

Aina'u ta sunkuyo. "'Yar'uwa, me ya sami yatsanki?"

Farcen babban yatsanta ya yi baƙi ƙirin, ya fara ɗagowa.

"Ƙofa ce ta datse ni."

"Allah ya sawwaƙe. Ƙofar tana da nauyi."

Washegari suka zaga wuraren 'yan gwangwan na Sharada, don a rubuta cewa an zaga. Shugabansu, Shu'aibu, ya ji labarin wayar da aka bari, ya riƙe baki.

"Oga, kada ka ɓata mana suna. Yaronmu ya ga jan ƙarfe ya bari? Har ya naɗa masa salatif? Wallahi da mun kore shi daga sana'a. Wanda ya ɗauki abin nan ba sayarwa zai yi ba. Haushinta yake ji."

Kafin su bar wurin DPO ya kira. Matarsa ta riga ta yi wa yara alkawarin Asabar, kuma ƙaramin ya ce shi zai danna maɓalli. Uwaisu ya ce, "To, Yallaɓai," ya mai da wayar aljihu.

Suka koma Challawa, suka tsallaka titin da ƙafa. Sai da suka tsaya a tsakiya tirela ta wuce ta gabansu, wata ta bayansu. Can ƙetare akwai unguwar da ma'aikata suka gina lokacin da ake albashi. Rabin gidajen ba a gama su ba, kuma ba za a gama ba.

Wata dattijuwa mai tuyar awara a bakin lungu ta amsa sallamarsu.

"Inna, kwana biyu ba ku ji jiniya ba."

"Alhamdu lillahi! Allah ya yi wa ɓarawon nan albarka. Au, ku 'yan sanda ne? To Allah ya shirye shi."

"Tana damun ku?"

"Mu kunne kawai take damu. Malam Zakariyya ne abin tausayi. Ko an kulle shi, sai ya yi ta dukan ƙyaure yana kuka, wai za a yanke masa albashi. Jiya kuwa har barcin rana ya yi. 'Yarsa ta ce rabon da ta gan shi haka tun kafin a buɗe wurin can."

"Yana da 'ya?"

"Ita kaɗai ta rage masa. Ai a can take aiki, ita ke yankar tikiti."

Gidan ɗaki biyu ne da tsakar gida. Malam Zakariyya na zaune a kan tabarma cikin tsohuwar rigar kamfani, wankakkiya, an yi mata faci a kafaɗa. Takalmansa na aiki suna ƙafarsa, a ɗaure.

"An kaɗa?" ya tambaye su.

"Ba a kaɗa ba, Baba."

"To madalla. Ku sababbi ne? Ku riƙe aikin nan da kyau. Kamfani ba ya yar da mutum."

Uwaisu ya ce za su riƙe.

A bayan bandaki akwai baro, an kifa shi. Kusa da shi tulin itacen girki ya fi ƙarfin gidan mutum biyu. Aina'u ta janye 'yan itatuwa. Jiniyar na ƙasa, an lulluɓe ta da tsohon bargo. An cusa mata tsummoki a baki, dam, duk da babu wutar da za ta tashe ta.

Suna tsaye Badi'a ta shigo. Ta dubi itacen, ta dube su, ta ajiye jakarta.

"Ku yi magana a hankali," in ji ta. "Kada ya ji."

"Ke kika ɗauko?"

"Ni ce."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai. Da sifanar Baba na kwance. Na mirgino ta cikin baro, na rufa da kwanukan masu abinci."

"Sule ya buɗe miki ƙofa."

"Sule ya tafi alwala."

"Doguwar alwala ce."

"Tsoho ne, Yallaɓai."

Uwaisu ya bar maganar a nan.

"Me ya sa ba ki gaya wa manaja mahaifinki ne ba?"

"Na gaya masa. Na roƙe shi ya rage ƙarar, ko a daina sai sau ɗaya a rana. Ya ce in kawo Baba ya zauna a ciki dindindin, a ɗinka masa sabuwar riga, baƙi su riƙa hoto da shi. Ina zaune a tagar nan, Yallaɓai, ina kallon sa yana tsallako titi, ina ba mutane canji. In na tashi, aikin ya tafi. In aikin ya tafi, me zai ci? Ran Asabar motoci za su yi ta zuwa har yamma. Ba zai kai yamma ba."

"Da kin jefa ta a kogi."

"Na yi niyya. Da na kawo ta sai na kasa. Ita ta ciyar da mu."

Uwaisu ya fita zaure ya kira Dakta Salisu. Ya ce an sami kayan lafiya lau, kuma a ganinsa magana ce ta cikin gida, a janye ƙara.

"A janye? Sufeto, in aka bar kowa ya kwashe abin da ke damun sa, me zai rage a gidan tarihi? Dole ta zama darasi. Maigadin ma na sallame shi."

"To a bar jiniyar a wurinmu, shaida ce, sai an gama shari'a."

"Na riga na yi magana da DPO. Ya ce hoto ya isa."

Hoto kuwa ya isa.

Aina'u ba ta fito da ankwa ba. Badi'a ta roƙi minti kaɗan, ta leƙa ta katanga ta bar wa mai awara amanar tsohon. Sannan ta durƙusa gabansa, ta sa masa kuɗin koko a aljihun riga, ta ɓalla maɓallin.

"Baba, an sa ni aikin kwana. Kada ka fita."

"Aikin kwana yana da alawus," in ji shi. "Ki tabbata sun rubuta miki."

Aka fita da ita ta lungun baya. Kotu sai Litinin, mai tsaya mata kuma babu, don haka a bayan kanta za ta yi ƙarshen mako.

Ran Asabar aka tura Uwaisu gidan tarihi, ya kula da tsaro da iyalin DPO. An ɗaura balan-balan a jikin injinan. Sabon maigadi na kamfanin tsaro ne, mai hula da sanda. A tagar tikiti ƙanin matar manaja ne ke zaune yana danna waya.

Motar farko ta iso. Ɗan DPO ya danna maɓalli, jiniya ta ɗauka, yara suka toshe kunne suna ihu, iyaye suka tafa.

Uwaisu ya matsa bakin ƙofa. Mai awara na da kasko a wuta da masu saye a gabanta, ba za ta iya riƙe namiji ba. Can sai ga Malam Zakariyya ya ɓullo daga lungu, yana jan ƙafar da aka ɗinke. Uwaisu ya ɗaga wa wata tirela hannu, direban bai ko kalle shi ba. Tsohon ya ratsa ta bayanta, iskar ta kusa kayar da shi, ya iso yana haki.

"Na makara," ya ce wa maigadi. "A yi haƙuri. Ban taɓa makara ba."

"Tikiti, Baba. Ga taga can."

Ya je tagar, ya tsaya a layi bayan wata mata da 'ya'yanta. Da aka zo kansa, saurayin bai ɗago ba.

"Rangwamen na masu iyali ne. Kai da wa?"

Malam Zakariyya ya waiga bayansa.

"Ni kaɗai ne."

"To cikakken kuɗi."

Ya kwance maɓallin aljihu, ya zaro abin da ke ciki, ya miƙa duka ta ƙarƙashin waya. Motar Sharada ta riga ta shigo kwana, cike da yara.