Sunan da Ba a Kira

An ɗauke wuta bayan sallar isha'i, muka ja tabarma tsakar gida, ni da ƙannena Ummita da Haladu. Yaya, ɗiyar Gwaggonmu, ta zo mana kwana biyu daga Kano. Haladu ya ciro waya zai haska, ta daka masa tsawa.

"Kife ta. Ba na son ƙarar shigowar saƙo. Labari kuke so? To ku matso. Wannan babu Gizo a ciki, kuma wanda ya jiƙa shimfiɗa yau kada ya ce ni ce."

Ta rage murya. Ga abin da ta faɗa mana.

*

Kun san na taɓa aiki a kamfanin turare. Wani Alhaji Mati ne ya kafa shi, ya shekara arba'in yana sayarwa. Da ya rasu, ɗansa Munzali ya gaje shi. Shi kuwa Munzali, in dai abu sabo ne, ko bai san amfaninsa ba sai ya saya.

Sunayen kwastomominmu suna cikin wata tsohuwar manhaja a kwamfuta. Suna, lambar waya, imel, da irin turaren da mutum ke so. Daga littattafan Alhaji aka kwafe su, tun ban zo ba. Sai Munzali ya sayo sabuwar manhaja mai aika talla ta imel da kanta. Kowane mutum da sunansa take kiran shi, duk Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi. Aikina shi ne in kwashe sunayen daga tsohuwar in zuba a sabuwar.

"Mutum dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu ne," in ji shi. "Haka nake so in gani a can. Ko ɗaya kada ya faɗi a hanya."

Tsohuwar tana da wani gurbi a ƙarshen kowane layi, na ƙarin bayani. Sabuwar ba ta da inda za a zuba shi. Na tambaye shi, ya ce in bar shi, surutun tsofaffi ne. Na bar shi. Ban ko leƙa ba.

Ranar Juma'a ce. Rana tsaka. Maza duk sun tafi masallaci, ni kaɗai a ofis. Na ɗora fayil ɗin, na jira. Sabuwar ta karɓi kowa, ta tofar da mutum ɗaya. Wai ba shi da imel, ita kuma ba ta karɓar wanda ba shi da imel.

Sunan mace ne. Ba lamba, ba unguwa, ba komai. Kada ki tambaye ni sunan, Ummita. Ba zan faɗa ba.

Na gaji, ga yunwa. Na sa imel ɗina a gurbin, ta ce an riga an yi amfani da shi, don da shi na yi gwaji. Sai na tuna da na Umma, wanda na buɗe mata ranar da na saya mata waya. Na ce ai Umma ba ta damu ba, talla ce kawai. Na rubuta shi. Na danna. Lissafi ya cika cif, har ina yi wa kaina kirari.

Sai na ji sallama.

Dattijuwa ce, doguwa, cikin mayafi ruwan toka. Ban ji buɗe ƙofa ba, kuma ƙofar nan ƙara gare ta. Na amsa, na ce ta zauna. Ba ta zauna ba.

"Ƙaura kuke yi, 'yar nan?"

"A'a Hajiya, muna nan."

"Sunaye. Na ji ana kwashe su."

A nan na lura. Bakinta ke fara motsi, ya gama, ya rufe, sannan murya ta biyo baya. Kamar wayar da sabis ya yi wa ƙaranci. Tsigar jikina ta tashi.

"Nawa a bar shi inda Mati ya ajiye," ta ce.

"Hajiya, ai an gama."

"Kin karanta abin da ya rubuta a gefe?"

Na sunkuyar da kai, na buɗe tsohuwar manhajar, na ja layin har ƙarshe. Kalmomi kaɗan ne. Ba a kiranta. Ita ke zuwa.

Na ɗago. Babu kowa. Sai wani ƙamshi mai sanyi, ni da na shekara uku cikin turare ban taɓa jin irinsa ba. Agogon bango ya nuna ɗaya da rabi. Allon kwamfuta ya ce an aika.

Kun san Umma, Gwaggonku. Karatun bokonta na yaƙi da jahilci ne, da yatsa take bi, a fili take karantawa. Kuma ko rediyo ne ya yi sallama sai ta amsa masa. Saƙon ya shiga wayarta: Salamu alaikum wance, muna gayyatarki. Ta karanta sunan da bakinta, a tsakar gidanmu. Ta kuma amsa.

Ni ce autarta. Sunan babbar yayarmu Umma ba ta faɗinsa don kara, amma nawa, sau ashirin a yini kaɗan ne. Tun daga zaure nake jin ta ƙwala min kira, ko don in miƙo mata abin da ke kusa da ƙafarta. Har haushi nake ji.

Ran nan na shiga, shiru. Tana zaune ta fuskanci bango. Gidan duk ƙamshin nan.

"Umma."

Ba ta juyo ba.

"Umma!"

Ta waiwayo a hankali, ta dube ni kamar mai tallar da ta shigo ba sallama. "Wa kike nema?"

Sai bayan magariba ta dawo daidai, ta ce kanta ne ke sarawa.

Washegari na sami Baba Tanimu, mai kula da sito, wanda ya yi wa Alhaji aiki tun yana saurayi. Da na gaya masa, sai da ya nemi wuri ya zauna.

"Duk Juma'a take zuwa, in an tafi masallaci ya rage ba kowa a layin," ya ce. "Kwalba ɗaya take ɗauka. Ta ba Alhaji sunanta amana, a rubuta a ajiye, kada a kira. Ke kuma kin ba injin da ba ya gajiya."

"Baba, me zai faru?"

"Kiran farko ta waiwayo. Na biyu ta shigo. Na uku ta zauna, mai jikin ta fita."

"Ta fita ina?"

Ya ce in dage da addu'a.

Babu abin da ban yi ba. Na goge layin daga sabuwar manhajar. An haɗa su biyun, kullum da safe tsohuwar na zuba wa sabuwar abin da ta rasa, sai ga shi ya dawo. Na koma tsohuwar na cire imel ɗin Umma. Na juya in sha ruwa, na juyo, yana nan. Na ɗauki wayar Umma na danna wurin da ake cewa a daina turo min. Ta ce an cire ki, mun gode. Na duba a ofis, ba a cire kowa ba.

Mutum ɗaya ne ke da lambar sirrin da za a tsayar da aikawar gaba ɗaya, Munzali. Ya tafi ƙasar waje saro kaya. Na kira, na kira. Rana ta huɗu ya turo min saƙon murya, yana dariya.

"Ke dai yunwa ce ta ɗebe ki. Kada ki taɓa min tsari, sai na dawo."

Sati uku zai yi.

Juma'a ta biyu ban je aiki ba. Na kashe wayar Umma, na naɗe ta a zane, na kulle a akwati, na kai akwatin gidan maƙwabta. Na zauna kusa da ita ina karanta duk abin da na haddace. Tana tsince shinkafa a faranti, tana min faɗan ban share madafi ba. Na ce a raina, yau mun tsira.

Ɗaya da rabi ta yi. Hannunta ya tsaya cak cikin shinkafar. Ta ɗaga kai kamar mai sauraron wani a zaure. Bakinta ya motsa, ya rufe.

Sannan murya ta zo. "Wa alaikumus salam."

Kai Haladu, daina matse min hannu.

Daga ranar Umma ba ta ƙara cin abinci a gabanmu ba. Ba ta amsa sunanta. Takan tsaya bakin rijiya ta daɗe. Wani lokaci sai idonta ya dawo nata na ɗan lokaci, ta riƙe min zane ta ce, "Wuri ya min kaɗan, ana ture ni." Ina ji ina gani. An yi karatu, an yi sadaka, ni kuma ina ƙirga kwanaki. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a satin nan ba. Don kawai lissafi ya cika na miƙa uwata.

Juma'a ta uku na tafi ofis. Maza suka fita masallaci. Baba Tanimu ya tsaya a ƙofa ya dube ni, ya girgiza kai, ya bi su. Na zauna gaban kwamfutar. Ɗaya ta yi. Ɗaya da kwata.

Ƙamshin ya riga ta shigowa.

Na zube ƙasa. "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Ki bar min uwata. Ni na yi laifi."

Na zaci zan ga fushi. Gajiya na gani.

"Kina tsammanin so nake?" ta ce. "Jikin tsohuwar ya min ƙunci. Amma an kira ni. Mu ba ma iya ƙin amsawa."

"To ki hana saƙon fita."

"Ba ni da hannu a kan injinku."

"Ni ma ba ni da shi."

Agogo na tafiya. Saura minti bakwai.

"Layin nan na Mati ba ya zama fanko," ta ce. "Shi ya sa yake ƙin goguwa. In kina so nawa ya fita, ki rufe gurbin da wani."

"Wane?"

"Wanda kike da iko da shi. Ki dai karanta abin da ke gefe kafin ki rubuta. Wannan karon ki karanta."

Na karanta. Ba a kiranta.

Saura minti huɗu. Na goge sunanta, harafi bayan harafi. Na rubuta nawa. Na cire imel ɗin Umma. Na ƙura wa gurbin ido ina jira ya dawo. Bai dawo ba. Na danna wurin haɗa su biyun. Lissafin sabuwar ya sauka da mutum ɗaya.

Ɗaya da rabi. An aika.

Na ɗago, ta tafi. A kan tebur ga wata 'yar kwalba, ba ta kai ɗan yatsana ba. Shekara shida ke nan, ba ta ragu ba.

Ban san yadda na isa gida ba. Tun daga zaure na ji muryar Umma, tata ta gaske, tana faɗa da kaji. Ta hango ni, fuskarta ta washe, ta buɗe baki za ta ƙwala min kiran nan nata.

Sai ta tsaya. Ta sake buɗewa. Ta tsaya.

"Ke," ta ce. "Ke, ina kika shiga tun safe?"

Ta warke sarai. Ta san ni, tana so na, tana min faɗa kamar da. Amma ke take ce min, ko 'yar nan. A asibiti su duba katina su ce Malama. Ranar ɗaurin aurena amarya aka yi ta cewa har aka shafa fatiha. Wannan duk bai dame ni ba. Wata rana dai na tarar da Umma a ɗaki tana kuka ita kaɗai. Ta ce, "Ni na zaɓa miki shi. Ga shi nan a kan harshena, ya ƙi fitowa." Na ce mata tsufa ne, kowa na mantuwa. Na fita bayan gida na yi nawa kukan.

Saboda haka ku ji. Duk wanda ya girma a cikinku ya sami aikin ofis, kada ya zauna shi kaɗai da sunayen mutane ranar Juma'a da rana tsaka. In ka ga gurbi fanko, bar shi yadda ka gan shi. Wanda bai ce ka kira shi ba, kada ka kira.

*

Ba a jin komai sai kukan gyare a bayan randa.

Haladu ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Kai Yaya, wallahi tsara mu kika yi."

"To," ta ce. "Faɗi sunana."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya dubi Ummita. Ummita ta cusa kai cikin zanena.

Na ce ni zan faɗa. A bayanta na girma. Na ga sunan a katin bikinta, da jan rubutu, har ina tuna furen da aka zana a gefe. Na jawo numfashi, na ji shi ya taso har maƙogwarona. Tana kallona cikin duhu, ta ɗan matso, kuma na rantse jira take yi, da gaske take jira.

"Yaya," na ce.

Iska ta kaɗo wani ƙamshi mai sanyi daga gefen mayafinta.

"Na'am," ta ce. "Ku tashi ku kwanta."