Tsohon Masaƙi a Filin Langa

Sunan garin ya ɓace mini, shekarar ma haka, amma sauran labarin yana nan.

An yi wani tsohon masaƙi wanda zama ya sagar masa da gwiwoyi. Kullum da la'asar yana kallon samari suna langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar. Ran nan ya ce a sa shi.

Babbansu ya ce, "Baba, rufa mana asiri. In ka karye wa zai yi mana saƙa?"

"Ku dai sa ni."

Suka yarda, amma in ya saki ƙafa, ya koma kallo har abada. Ya yi tsalle, ya yi tsalle, sai a bayan rumbu ƙafar ta kuɓuce ta taɓa ƙasa. Ba wanda ya gani. Ya sake kamawa ya isa gida, samari na ihu, "Baba ya ci!"

Ya ce, "Ban ci ba. Na saki ƙafa a bayan rumbu."

Can babban ya ce, "Mu ba mu gani ba, Baba. Gobe ka dawo ka sake ta a gabanmu."

Daga baya jikarsa ta tabbatar mini cewa har ya rasu bai taɓa cin langa ba, bai kuma taɓa fashin zuwa ba.