Fayilolin da Suka Ɓace a Ofishin Rance

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin aka kira Sufeto. An fasa wani ƙaramin ofishi da ke ba mata rancen jari.

Ɗaki biyu ne a saman shagon mai taya. Mai ofishin, tsohuwar ma'aikaciyar banki da kowa ke kira Anti, tana tsaye gaban kabad ɗin ƙarfe da aka ɓalle.

"Me aka ɗauka?" Sufeto ya tambaya.

"Fayil goma sha ɗaya. Kuɗi na nan, kwamfuta na nan."

Ya leƙa tagar da aka fasa. Gilasan duk a kan rumfar shagon ƙasa suka zube, ko ƙwaya babu a cikin ɗakin.

"Daga ciki aka fasa ta. Su wa ke da mukulli?"

"Ni, da akawu, da ɗan yayata. Shi ke zagayawa wurin matan, Mai Babur suke ce masa." Muryarta ta yi ƙasa. "Ranka ya daɗe, jibi masu binciken kuɗi za su zo. In suka ga giɓi, masu ba mu tallafi za su janye. Mata ɗari uku ke cin abinci ta nan."

Akawun yarinya ce mai tabarau. Ta rantse ba ta san komai game da fayilolin ba.

Ba ta rufe baki ba Sajan, mataimakin Sufeto, ya zaro wasu takardu daga ƙasan durowarta. Kwafin fom guda huɗu ne, duk daga cikin waɗanda suka ɓace.

"Wanda bai san komai ba ne ke ɓoye kwafi?"

Ta cire tabarau ta goge ido. "Yallaɓai, dubi inda aka dangwala yatsa."

Sufeto ya jera su a kan tebur. Suna huɗu, hoto huɗu, amma yatsa ɗaya ne, da tabon yanka a tsakiyarsa.

"Me ya hana ki faɗa wa Anti?"

"Wanda ya kawo fom ɗin ɗan yayarta ne. Ni wata shida kawai na yi a nan."

Adireshin da ke fom na farko ya kai su wani lungu a bayan tashar mota. Sunan wata mai ɗinki ne, ta karɓi dubu tamanin wata huɗu da suka wuce. Mijinta, wani dattijo mai gyaran rediyo, ya fito.

"Matar gidan muke nema, Baba."

Dattijon ya girgiza kai. "Watanta bakwai a kabari."

Sajan ya sake duba kwanan watan da ke fom ɗin, ya miƙa wa Sufeto.

"Wani daga ofishin rance ya zo nan bayan rasuwar?"

"Mai Babur, yaron kirki. Ya zo gaisuwa, har hawaye ya yi. Ya ce ofis ya yafe mata ɗan abin da ya rage, in ba shi katin shaidarta kawai ya rufe fayil. Na sa masa albarka."

Wata maƙwabciya mai yin sabulu, wadda ke tsaye a bakin ƙofarta, ta matso.

"Yafewa? Mu biyar ne a ƙungiya da marigayiya, kowacce ta tsaya wa 'yar'uwarta. Mu ce mana ya yi ta mutu da bashin dubu tamanin, in ba mu biya ba an rufe mana rance har abada. Duk mako yake zuwa karɓa. Babbar tukunyata ta dafa sabulu na sayar. Kunya ce ta hana mu yi wa Baba maganar."

Sufeto ya juya ya tofar da yawu a kwata.

Gida uku suka ƙara zuwa. Ko'ina maganar ɗaya ce.

Da azahar Mai Babur ya dawo ofis, fes da shi, yana ƙamshin turare. Ya gaishe da kowa, hannunsa na hagu a aljihu.

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Ina gida, yallaɓai. Zazzaɓi nake yi."

"Mai taya ya ce ya ga babur ɗinka a ƙasa da la'asar. Fito da hannunka."

Ya fito da shi. Tabon na kwance a tsakiyar babban yatsa.

A daidai nan Sajan ya hawo da wata leda da ya ciro ƙarƙashin kujerar babur. Ya zazzage ta a tebur. Katin shaida goma sha ɗaya, an ɗaure su da roba.

Anti ta ɗauki na sama, ta dubi hoton. "Wannan da ita na fara. Keken ɗinkinta na farko ni na raka ta ta saya." Ta ɗago ta dubi Mai Babur. "Kai na goya a bayana."

"Anti, fili na saya, na fara gini. Da niyyar in mayar..."

"Fayilolin fa?" Sufeto ya katse shi.

"Na ƙone su." Ya dubi Sufeto. "Yallaɓai, ai waɗannan sun riga sun mutu. Ba abin da na rage su da shi."

"Masu ran da kake tatsa duk mako fa?"

Sufeto ya tura katunan gabansa.

"Ta yaya kake sanin wadda ta rasu?"

"Ina da lambobinsu. In na ji wata ta kwanta ciwo, nakan riƙa kira ina tambayar jiki."

Sufeto ya yi shekara ashirin yana zama da ɓarayi a ɗaki ɗaya, bai taɓa jan kujerarsa baya ba sai ranar. Ya yi wa Sajan alama, aka buga wa Mai Babur ankwa.

A bakin matakala Mai Babur ya leƙa ƙasa ya tsaya cak. Labari ya riga ya zaga. Mata sun cika gaban shagon, wasu da goyo, duk suna kallon matakalar.

"Don Allah, yallaɓai, a rufa min hannu da riga. Duk sun san ni."

"Shi ya sa," in ji Sufeto. "Sauka."